Tutar Tsanwa a Tsakiyar Bazara

Nomau ya yi shekara talatin yana gyaran injuna a wurin haƙar gawayin ƙasa na Cirozerin. Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya tattara ya dawo gidansa a unguwar Dagmanet, cikin Agadas, da akwatin ƙarfe ɗaya, da radiyo, da wani dogon tiyo na ƙarfe wanda ko matarsa Balki ba ta san abin da zai yi da shi ba. Ba a rufa mako ba ya kafa tiyon bisa soron gidan, ya ɗaura masa igiya, ya ɗaga tuta.

Tutocin huɗu ne, kowace da lokacinta. Ja ta bazara ce, sa'ad da garin ke ɗaukar zafi har mutum ba ya iya jingina da bango. Tsanwa ta damana. Rawaya ta kaka, shuɗiya kuma ta ɗari. Da fari mutane dariya suka yi, suka ce zaman banza ne ya dami tsoho. A hankali aka saba, har ta kai mace ba ta fito da barguna daga ƙasan gado sai ta leƙa ta ga shuɗiya ta hau. Wadda aka fi sa wa ido ita ce tsanwa, domin gidajen unguwar na ƙasa ne, ruwan Agadas kuwa ba ya da yawa amma ba ya sallama. Ranar da tsanwa ta hau, ranar kowa ke neman magini ya yaɓe masa soro, ya buɗe masa indararo. Shekara bakwai ana haka, Nomau bai taɓa kuskure ruwan farko da fiye da kwana biyar ba.

Mutum ɗaya ce a unguwar ba ta taɓa yarda akwai wani ilimi a cikin abin ba. Sunanta Kadidia, badukiya ce, gidanta na bayan nasa da lungu biyu. Mijinta ya rasu da jimawa, ɗanta Jamilu yana can Jado wajen neman zinariya, ita kuwa tana zaune a rumfarta tana ɗinkin jakunkuna da matasan kai na fata. Babanta da uwar Nomau ciki ɗaya suka fito, wato taubasai ne, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Yanzu tana da shekara hamsin da takwas, shi ya haura sittin, abin bai ragu ba ko kaɗan.

"Wane ilimi?" in ji ta duk lokacin da aka yabe shi. "Direbobin Tawa yake tsarewa a tasha yana tambayarsu inda ruwa ya kawo. Ni ma da ba ni da aikin yi da na kafa tiyo."

Nomau bai bar maganar ta wuce a banza ba. Wata ranar Asabar Kadidia ta nufi gidansa cin tuwon rana, kamar yadda ta saba. Tana shan kwanar lungu sai ta ga wani abu yana kaɗawa ƙarƙashin jar tuta: tsumma ne mai faci-faci, wanda Balki ke goge tukwane da shi. Maza na zaune a inuwar ƙofar gida suna shan shayi, duk sun sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya.

"Ɗan gwaggo, wannan kuma tutar wane lokaci ce?"

"Ta lokacin fara ce, ƴar kawu," in ji Nomau, ko murmushi bai yi ba. "Farar nan mai sauka ta cinye gona. In ta hau, kowa ya rufe tukunyarsa. Yawwa, ga ta ma ta iso."

Dariya ta ɓarke. Kadidia ta taya su, ta shiga ta ci tuwonta har da ƙari don kada a ce ta ji haushi. Amma kafin mako ya zagayo mata a bakin famfo sun fara ce mata Inna Fara, har mai nama a kasuwa ya rufe tirensa da wasa da ya hango ta. Ta adana abin a ranta, tana jiran ranarta.

Ranar kuwa da ƙafarta ta zo. Nomau ya shigo rumfarta da radiyonsa a hannu, yana so ta ɗinka masa riga ta fata. Ta shimfiɗa masa fatu biyu a tabarma.

"Wacce kake so, ja ko tsanwa?"

"Ja mana. Namiji da tsanwa?" Ya ɗora hannunsa a kan tsanwar, ya shafa ta, ya ce, "Wannan ta yi."

Kadidia ta tsaya da ɗinki. Ta dubi fuskarsa, ta ga ba wasa yake yi ba. Ta ci gaba da ɗinkinta kamar ba komai, can ta ce ya miƙo mata jan zaren da ke kusa da ƙafarsa. Ƙulli biyu ne a wurin. Ya ɗan yi jim, ya ɗauki na tsanwa ya miƙa mata. Ta karɓa ta yi godiya, abin da ba ta taɓa yi masa ba, har ya waiwayo ya dube ta sau biyu kafin ya fita.

Washegari da hantsi ta sami Balki tana tsince shinkafa. Ta zauna, ta jawo faifai ta taya ta, ta bi ta nan ta bi ta can, sannan ta ce, "Matarmu, in lokacin sauya tuta ya yi, wa ke ciro ta daga akwati?"

Balki ta tsaya da tsintar. Ta dubi ƙofa, ta dubi Kadidia, sai dariya ta ƙwace mata har ta rufe baki da gefen zane.

"Yaya Kadi, ki rufa mini asiri. Shekara talatin da biyar ni ke zaɓa masa hula. Shuɗi da rawaya yana gane su sarai, amma ja da tsanwa duk abu ɗaya ne a idonsa. Ni ke miƙa masa tuta, shi kuma ya hau ya ɗaga. In ya ji na gaya miki, wallahi sai dai in kwana gidanmu."

"Me kika gaya mini? Ni shinkafa na zo tsinta."

A lokacin bazara ta kai tsakiya. Ko a kudu ba a ji labarin ruwa ba, sama fes take kamar an wanke faranti. Ranar Juma'a, da maza suka watse zuwa masallaci unguwa ta yi tsit, Kadidia ta shiga gidan Nomau ta wuce kai tsaye wurin akwatin ƙarfe. Balki ta ɗauki turmi ta juya baya.

"Ni daka nake yi," in ji ta. "Mai daka ba ta ganin bayanta."

Tsanin na jingine da bango a tsakar gida, na itacen goriba, mai nauyin tsiya. Kadidia ta tamke zane, ta cusa tutar tsanwa a ƙugu, ta kama hawa tana bismilla a kowane mataki. Gwiwoyinta suka yi ta ƙara, ƙasar soron ta ƙona mata tafin ƙafa, amma ta kai. Ta sauke ja, ta ɗaura tsanwa, ta ja igiya har ta kai ƙololuwa. Da ta sauko sai da ta sha ruwa moɗa biyu. Sannan ta shimfiɗa tabarma a bakin zaure daga ciki, inda za ta ji komai, ta zauna.

Abin da ta zata shi ne za a tambayi Nomau, ya ɗaga kai ya rantse ja ce, a yi ta musu har asiri ya tonu a gaban jama'a. Daga nan ta ga wanda zai sake ce mata fara.

Da aka sauko daga masallaci, Issouf magini ne ya fara tare Nomau, tun bai kai ƙofa ba.

"Baba Nomau, da wuri haka? Ai ko gajimare ba mu gani ba."

"Da wuri me?"

"Tutar mana."

Ta kafar ƙyaure Kadidia ta ga Nomau ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallo. Ta ga ya gyara zaman hularsa.

"Issouf, kai me ka gani a can?"

"Tsanwa, Baba."

"Bon. To abin da ka gani shi ne. Ni ba na ɗaga tuta don ado."

Ya wuce su ya shigo zaure, ya tsallake ƙafafun Kadidia ya shige ciki. Ita kuwa ta bi shi da kallo baki sake. Wannan ba ya cikin lissafinta.

Kafin la'asar labari ya gama unguwa. Asabar da safe jakuna suka fara shigowa da jar ƙasa, aka hau kwaɓa. Issouf da mutanensa suka rasa lokacin cin abinci: daga wannan soro su dira su hau wancan, rana na dukan su, zufa na zuba cikin laka. Mata suka kwashe buhunan hatsi daga ƙasa suka ɗora a kan duwatsu. Wani da ya yi niyyar fara ginin katanga ya ɗaga aikin sai bayan damana. Duk wanda ya ce bai ji komai a radiyo ba sai a ce masa, "Shekara bakwai radiyon ne ke gaya maka?"

Kadidia ta ga abin ya fi wanda ta shirya daɗi. Ta ciro wata tsohuwar laima ta mijinta, ta riƙa bi ta ƙofar gidan Nomau da tsakar rana, ta ɗan ɗage zane tana tsallake-tsallake a busasshiyar ƙasa kamar mai gudun taɓo.

"Ɗan gwaggo, yaya ruwa? Ka ga duk na jiƙe. A ba ni aron kwalekwale in ƙarasa gida."

"Ki bi a hankali, ƴar kawu," in ji shi. "Tsofaffi ba su iya iyo ba."

Kwana na huɗu Issouf ya leƙo rumfarta, duk jikinsa laka, ya ce ya ga soronta ya tsage ta gabas, gobe zai zo ya yaɓe shi tunda ya gama na maƙwabta. Ta yi dariya har ta soke yatsa da basilla. Ta ce ya je ya huta, nata soron sai nan da wata guda. Jamilu ma ya kira ta a tarho daga Jado, domin har can labarin ya kai ta bakin ƴan unguwa.

"Inna, an ce Baba Nomau ya ɗaga tsanwa. Ki sa a gyara ɗakin nan."

"Kai dai ka kula da raminka. Ni na san abin da na sani."

Kwana bakwai, sama ba ta sauya ba. Kwana tara, zafi ya ƙaru har awaki suka daina kuka. Sabon yaɓen da aka yi ya fara tsattsagewa saboda rana, mutane suka fara gunaguni. A wurin shayi aka daina yi wa Nomau tambaya, aka koma yi masa shaguɓe. Wani ya ce tsufa ba ya shawara. Wani ya ce watakila damanar Cirozerin yake nufi. Har Malam Illiya, limamin masallacin unguwa, mutumin da ba ya shiga abin da ba ruwansa, ya tsayar da shi bayan sallar azahar ya ce a hankali, "Malam Nomau, sanin gaibu sai Allah. In kuskure ne, sauke ta ba abin kunya ba ne."

Kadidia ta daina fita da laima tun kwana na takwas, ita ma ba ta san dalili ba. A kwana na goma sha ɗaya Balki ta same ta a rumfa, fuskarta ba walwala.

"Yaya Kadi, abin nan ya wuce wasa. Kwana uku bai fita shayi ba. Tuwo sai ya taɓa ya ture. Da asuba sai ya tsaya tsakar gida yana kallon gabas kamar mai jiran baƙo."

Kadidia ta ajiye basilla. Ita so ta yi a yi masa dariyar yini ɗaya, irin wadda aka yi mata, ba ta so ta ga ya rame ba. Ta yafa mayafi ta bi Balki.

Ta same shi a ɗaki yana kwance radiyo yana sake ɗaurawa, alhali ba abin da ya same shi. Ta zauna a bakin ƙofa, ta yi gyaran murya, ta rasa ta inda za ta fara.

"Ɗan gwaggo, tutar nan..."

"Ƙullin dukawa ne a igiyar," in ji shi, bai ɗago ba. "Tun ran Asabar na hau na gani. Duk Dagmanet mutum ɗaya ce ke ƙulli irin wannan, kuma ba ta iya komai ba sai shi."

"To tunda ka sani, bari in fita in gaya wa mutane ni ce. Wasan taubasai ne, kowa zai yi dariya a wuce wurin. Ba zan faɗi komai game da..." Ta nuna idonta da yatsa.

Sai a lokacin ya dube ta.

"In kin faɗa, sai su ce to shi me ya hana shi saukewa tun ranar? Me ya sa ya tsaya gaban Issouf ya ce da gangan ya ɗaga? Kin ga ko dai makaho ne ni, ko maƙaryaci. A'a. Ni na ce ta hau, ta hau ke nan. Ranar damana aka haife ni, shi ya sa aka sa mini Nomau. Ruwa ba zai ba ni kunya ba."

"Ruwa ya san sunanka ne?"

"Tashi ki tafi, tuwonmu bai nuna ba."

Ta fito tana tsaki, amma ranta ba daɗi. Kwana biyu tana juya abin, har ta samo dabara. Ranar Juma'a za ta sake hawa ta mayar da ja. In mutane suka tambaya, ta ce ita ta sauke tsanwar don tsokana. Shi ya sami hanyar yin faɗa ya huce, tuta ta zauna a ja, kowa ya manta. Laifin saukewa ya fi sauƙin ɗauka a kan laifin ɗagawa.

Juma'ar ta zo da wani irin zafi mai danƙo, iska ko ganye ba ta kaɗawa. Maza suka tafi masallaci. Kadidia ta ciro jar tuta daga akwati, Balki ta riƙe mata tsani, ta hau tana nishi. Da ta kai sama ta tsaya ta mayar da numfashi, ta kama igiya, ta fara kwance ƙullin da ita da kanta ta yi. Ƙullin ya ƙi. Ta sa haƙori. Tana cikin haka ta ji wani sanyi ya taɓa mata wuya.

Ta waiwaya gabas. Daga wajen duwatsu sama ta yi baƙi ƙirin, kamar an kifa tukunya, kuma baƙin tafiya yake yi, garin ya nufo. Walƙiya ta tsaga shi daga sama har ƙasa.

"Balki!" ta ƙwalla kira. "Balki, riƙe tsani!"

Balki ta riga ta saki tsani ta ruga kwashe shanya. Iska ta iso gaba ɗaya, ta yi sama da tabarmi da faya-fayai, ta kaɗa tutar tsanwa har tana ƙara kamar bulala. Tsanin ya ɗan yi rawa, ya zame, ya faɗi tim a tsakar gida, kaji suka watse. Balki ta zo ta kama shi ta ɗaga, ko motsi bai yi ba. Ta ɗaga kai ta ga Kadidia tsugune ta rungume tiyo, sai ta zauna a ƙasa dirshan tana dariya har da hawaye.

Ɗigon farko ya faɗo wa Kadidia a goshi, babba kamar dabino. Na biyu, na uku, sai sama ta buɗe. Ba ta da abin rufa sai jar tutar, ta lulluɓa ta a ka. Daga inda take tana ganin unguwa duka: indararo na ta zuba a sababbin soraye, mata na tara tukwane da daro, ana guɗa ta ko'ina. Tana kuma hango nata soron, can bayan lungu biyu, ruwa ya taru a kansa ya yi tafki, bai sami hanyar fita ba.

Sai ga maza sun ɓullo daga masallaci a guje, riguna a ka. A tsakiyarsu Nomau ne kaɗai ke tafiya a hankali, hannu a baya, ruwa na zuba daga hularsa, ana ta kama hannunsa ana girgizawa. Wani ya nuna sama ya ce, "Kai, wace ce waccan bisa soro?" Duk lungun ya tsaya yana kallo.

Nomau ya shigo tsakar gida, Issouf da Malam Illiya da wasu mutum biyar na biye da shi. Ya dubi tsani a ƙasa, ya dubi sama, ya sa hannu ya kare ido.

"A'a, ƴar kawu! Yaya ruwa?"

"Ɗaga mini tsani, Nomau!"

"Ba ki zo da laimar ba yau? Bari a nemo miki kwalekwale."

Mazan suka fashe da dariya, har Malam Illiya ya juya fuska yana gyara rawani. Issouf ya sunkuya zai kama tsani, Nomau ya dafa kafaɗarsa.

"Dakata tukuna. Ai sai ta gaya wa jama'a abin da ya kai ta can."

Kadidia ta share ruwa daga fuskarta. Haƙoranta na kaɗawa, amma kanta bai daina aiki ba. Ta miƙe tsaye, ta cire ƙyallen daga kanta, ta ware shi da hannu biyu yadda kowa zai gani.

"Zan faɗa, ɗan gwaggo. Amma idona ya cika da ruwa. Fara gaya wa Malam Illiya, wannan ƙyallen da ke hannuna, wane launi ne?"

 Balki ta daina dariya. Nomau ya dubi ƙyallen, ya dubi Kadidia, ita ma ta dube shi ido cikin ido. Ya san ja ce, domin ba abin da zai kai ta sama da wata tuta in ba ita ba. Amma ya san Kadidia: tana iya hawa da tsohon zanenta don kawai ta kama shi.

"Issouf," in ji shi da sauri, "me kake jira? Kama tsanin nan. Tsohuwa ce, sanyi zai kama ta." Ya juya ga sauran. "Ni na roƙe ta ta duba mini igiya in iska ta taso, kada ta tsinke. Ƙullinta ya fi nawa ƙarfi."

"Allah sarki," in ji Malam Illiya. "Zumunci ke nan. Allah ya yi miki albarka, Kadidia."

Ta sauko mataki-mataki, zane ya manne mata a jiki, jar tutar ta yi mata zuba a wuya da kafaɗa. Da ƙafarta ta taɓa ƙasa ta wuce ta gefen Nomau ta ce ƙasa-ƙasa, "Sa'a ce kawai."

"Je ki duba ɗakinki," in ji shi, shi ma ƙasa-ƙasa.

Ɗakin kuwa ya sha ruwa. Ta wuri uku yake zuba, ɗaya daidai kan gado. Fatun da ta jera a kusurwa sun jiƙe, rininsu ya gauraye ya malalo har bakin ƙofa. Ta tsaya cikin ruwa zuwa idon sawu, tasa a kowane hannu, ta rasa wace ɓula za ta tara wa. A duk lungun gidanta ne kaɗai ya yi yoyo. Kwana biyu a ɗakin Balki ta kwana, Nomau kuwa duk safiya sai ya tambaye ta ko baƙuwa ta tashi lafiya.

A rana ta uku, da ƙasa ta sha iska, ya zo da Issouf da mutanensa da jakuna biyu na jar ƙasa. Shi da kansa ya tuɓe riga ya shiga kwaɓa, yana ba da umarni da ƙarfi yadda duk mai wucewa zai ji gidan wa ake gyarawa da kuma dalili. Kadidia kuwa ta hura wuta. Ta dama musu kunu mai tsamiya, ta zuba wa ma'aikata a babbar ƙwarya. Na Nomau ta zuba shi daban a ƙaramin kwano mai murfi, ta ɗebi gishirin Bilma cike da hannu ta watsa a ciki, ta juya sosai.

"Ɗan gwaggo, ga naka. Na babba daban ne."

Nomau ya wanke hannu, ya karɓi kwanon, ya buɗe, ya dubi kunun, ya dubi fuskarta. Daidai nan Malam Illiya ya yi sallama, ya shigo ganin yadda aiki ke tafiya.

"Madalla!" in ji Nomau, ya miƙe tsaye da ladabi. "Ga wanda ya fi ni girma ya zo. Malam, bismilla. Kadidia ce ta dama da hannunta."

Malam Illiya ya yi godiya, ya miƙo hannu biyu. Kadidia ta riga shi, ta fizge kwanon har kunu ya fantsalo mata a yatsu.

"Gafarta Malam, wannan nawa ne, na magani ne. Bari in zubo maka mai kyau."

"Magani?" in ji Nomau. "To ai ba a barin magani ya huce. Sha mana, ƴar kawu, muna nan."

Duk suka zuba mata ido, har Issouf ya leƙo daga bisa soro. Ta kafa kai ta sha, kurɓi uku manya, idonta ya kawo ruwa. Ta ajiye kwanon, ta goge baki da bayan hannu.

"Yaya?" in ji Malam Illiya cikin tausayi. "Da ɗaci ko?"

"Da sauƙi, Malam," in ji Kadidia da wata irin murya, ta nufi randa da sauri.